Ƙirga Makinka, Ka Je a Auna Jininka

 An rubuta wannan takarda domin kowane baligi a Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye, mace da namiji, musamman wanda ya ba shekara 35 baya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a majalisa ko a cikin gida.

Mutumin Gashuwa ba ya bukatar a gaya masa mene ne ciwon ƙoda. Gidaje da yawa a ƙasar Bade sun yi jinyar ɗan'uwa, sun yi ta jigila zuwa Damaturu ko Kano domin wankin ƙoda har ƙarfinsu ya ƙare. Masana a Jami'ar Jihar Yobe sun shiga binciken abin da ya sa ciwon ya yawaita a wannan yanki, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa suga laifin duka. Amma akwai abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa: a duniya baki ɗaya, ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Waɗannan biyun kuwa ana iya gano su yau, ba sai an jira ƙarshen bincike ba.

Wahalar ita ce ciwon suga na manya ba ya sallama. Yakan yi shekaru a jiki yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, mai shi yana ta harkokinsa. A ƙidayar da tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya ta fitar a 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da shi ba. A wurinmu ko alamun sun fito, akan samar musu wani suna. Mutum ya yini yana ɗirkar ruwa a watan Afrilu, ya ce zafin bazara ne, wa zai musa masa a Nguru? Ya tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ya ce ruwan da ya sha ne. Ya rame, a ce basir ne ko shawara. Ƙaya ta soke shi a fadama, wurin ya ƙi warkewa ya koma gyambo, sai a fara zancen sammu.

Da da hali, da an auna jinin kowa. Amma tsinken gwaji kuɗi ne, ma'aikatan lafiya kuma ba su da yawa. Saboda haka masana suka ƙirƙiro hanyar tace mutane da tambayoyi, a ba kowace amsa maki, wanda makinsa ya hau a gaggauta auna shi. Mafi shahara ita ce wadda Jaana Lindström da Jaakko Tuomilehto suka fitar a ƙasar Finlan a 2003, ana ce mata FINDRISC. A sigar da aka saba amfani da ita, tambayoyinta takwas ne, makinta daga 0 zuwa 26, ba ta bukatar allura ko lantarki.

Ta farko shekaru. Wanda bai kai 45 ba ba shi da maki. Daga 45 zuwa 54 maki 2, daga 55 zuwa 64 maki 3, sama da haka 4. Ta biyu nauyi a kan tsayi: a raba kilo ɗinka da tsayinka na mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsayin. In amsar ta faɗa tsakanin 25 da 30 maki 1, in ta haura 30 maki 3. Ma'aikacin asibiti zai yi maka wannan lissafin cikin minti ɗaya.

Ta uku ita ce ta fi bukatar natsuwa, wato faɗin ciki. Ari tef ɗin tela. Ka tsaya miƙe, ka ɗage riga, ka zagaya tef ɗin daidai cibiya, ka saki numfashi sannan ka duba. Kada ka auna inda mazugin wando yake zama, domin mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure wando, awon nan kuwa yaudarar kai ne. Namiji mai santimita 94 zuwa 102, wato inci 37 zuwa 40 a lissafin tela, yana da maki 3, wanda ya wuce yana da 4. Mace kuwa daga santimita 80 zuwa 88 maki 3, sama da 88 maki 4, sai wata 'yar'uwa ta auna ta a ɗaki. Mun saba in mutum ya ajiye tumbi mu ce kuɗi sun zauna. Kitsen ciki shi ne ya fi hana jiki sarrafa suga, don haka a rage yi masa kirari.

Wanda ba ya motsa jiki na minti 30 kullum, ko a wurin aiki ko a tafiyar ƙasa, ya ƙara 2. Wanda ba ya cin ganye ko kayan lambu ko 'ya'yan itace kowace rana ya ƙara 1. Wanda aka taɓa ɗora shi a kan maganin hawan jini ya ƙara 2. Wanda aka taɓa gaya masa sugansa ya hau, ko da a lokacin wata jinya ce, ko mace a lokacin goyon ciki, ya ƙara 5. Ta ƙarshe dangi: in uwa ko uba ko wanda kuke ciki ɗaya ko ɗanka yana da ciwon, maki 5, in kaka ne ko baffa ko kawu ko goggo ko inna ko 'ya'yansu, maki 3.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi ɗan shekara 50. Yana yini zaune a rumfa, babur ke kai shi ya dawo da shi, da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa da lemon kwalba. Kilo 80 ne, tsayinsa mita 1.70, cikinsa inci 41, yana shan maganin hawan jini, mahaifiyarsa ta yi fama da suga. Shekaru 2, nauyi 1, ciki 4, zama 2, rashin ganye 1, hawan jini 2, dangi 5. Ya tashi da 17, alhali in ka gaishe shi zai ce maka lafiya lau. A ma'aunin Finlan, ƙasa da 7 haɗari kaɗan ne, 12 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 20 babba, domin cikin irin waɗannan mutum ɗaya cikin uku kan kamu a shekara goma. Sama da 20 ɗaya cikin biyu ne. Wasu ma ciwon ya riga ya kama su.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi duk lissafin muhimmanci. A kan Turawa aka tsara wannan ma'auni, mutanen da iyayensu da kakanninsu suka saba zuwa asibiti. Ka tambayi dattijo a Jakusko ko Machina ko mahaifinsa ya yi ciwon suga, zai ce a'a, gaskiyar magana kuwa ba a taɓa auna mahaifin ba. Ka tambaye shi maganin hawan jini, ya ce bai taɓa sha ba, domin ba wanda ya taɓa ɗaura masa abin awo a hannu. In ka haɗa da tambayar ko an taɓa gaya masa sugansa ya hau, tambayoyi uku ke nan masu maki 12 da mutum zai iya samun sifili a kansu don rashin sani kawai. Bugu da ƙari, a Afirka ana samun masu ciwon suga siriran jiki, manoma da makiyaya da ba su da tumbi ko kaɗan. Masuntan kogin Yobe sun san komar da idonta ya yi faɗi: manyan kifi take kamawa, ƙanana su zurare. Don haka babban maki umarni ne na zuwa asibiti, ƙaramin maki kuwa ba takardar sallama ba ce. Duk wanda amsarsa ta kasance "ban sani ba", ko yake da alamun da aka ambata, ko matar da ta haifi jariri mai fiye da kilo 4, ya je awo ko makinsa nawa ne.

Jini ne kaɗai yake yanke hukunci. Ana zuwa da safe bayan awa 8 ba a ci komai ba, ko koko ko shayi, amma shan ruwa ba laifi. Za a ɗan soki yatsa a ɗiga jini a tsinke. In na'ura ta nuna 7.0 ko fiye, wanda wasu na'urori ke rubutawa 126, likita zai sa a maimaita wata rana don a tabbatar. Tsakanin 6.1 da 6.9 mutum yana bakin ƙofa, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Binciken da aka yi a Finlan a 2001 da na Amurka a 2002 sun nuna irin waɗannan mutane, in sun rage nauyi suka riƙa motsa jiki, haɗarinsu yakan ragu da kashi 58 cikin 100. Zogale da rama da yakuwa da kuɓewa ba su yi mana wuya ba, a ƙara su, a rage suga a shayi da kunu. Wanda aka tabbatar yana da ciwon ya riƙe maganin likita, ya nemi a duba masa ƙoda da ido, ya kuma kiyayi mai lasifika a kasuwa da ke cewa jarka ɗaya za ta raba shi da suga.

Muna roƙon limamai da lawanai da bulamai da shugabannin mata su riƙa tuna wa jama'a, ba sai ranar 14 ga Nuwamba da duniya ke tunawa da ciwon suga ba. Kai kuma mai karatu, ari tef yau ka ƙirga naka da na iyalinka. In ka kai 12, gobe kada ka karya kumallo, ka nufi Asibitin Tarayya na Nguru ko Asibitin Ƙwararru na Gashuwa ko asibitin da ya fi kusa da kai, ka ce a auna maka suga da hawan jini.