Dacewar Ƙaramin Dokin Kiwo da Horon Diresaj: Nazari a Kan Dokin Quarter Horse

1.0 Gabatarwa

Diresaj fanni ne na hawan doki wanda ake horar da dabbar ta bi umarnin mahayi cikin natsuwa, ta hanyar matsin ƙafa da yanayin zama da taɓin linzami. Ya shiga wasannin Olamfik a shekarar 1912. Ana yin manyan gasanninsa a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60, alƙalai na ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Ingarmun Jamus da Holan su suka mamaye fagen, har aka ɗauka ƙaramin doki ba shi da rabo a ciki. Wannan maƙala ta auna wannan zato a kan Quarter Horse, dokin da makiyayan Amurka ke kora shanu da shi.

2.0 Ƙirar Dokin

An kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri a shekarar 1940. Sunansa ya samo asali daga zafin gudunsa a tseren rubu'in mil. Tsayinsa a doro yakan kama daga santimita 142 zuwa 163. Yana da kaurin cinya da gajeren baya da sanyin hali. Sai dai da yawa daga cikinsu ƙugunsu ya ɗara doronsu tsayi, wuyansu kuma ya fito daga ƙasa, abin da ke jefa nauyin jiki kan ƙafafun gaba.

3.0 Buƙatun Horo

Tsarin horon Jamusawa yana da matakai shida: daidaiton taku, sakin jiki, amsa linzami, ƙarfin turawa, miƙewa, da tattara jiki. Matakan farko ba su dogara da girma ba, natsuwa da juriya suke nema, kuma nan dokin kiwo ya yi fice. Matsalar tana mataki na ƙarshe, inda ake son doki ya mayar da nauyinsa baya, gabansa ya ɗaga. Dokin da ya rinjaya gaba zai ɗauki lokaci kafin ya iya, gajeren takunsa kuma kan rage masa maki a sassarfa mai faɗi.

Duk da haka, ƙarfin cinyar da ke sa ya ja birki nan take a gaban saniya jari ne babba. Masu nazarin al'adun Hausawa sun san irin wannan tsayuwa a jafin hawan salla. Bambancin shi ne, diresaj na neman doki ya ɗauki nauyin a baya yana ci gaba da tafiya, ba tare da an fizgi linzami ba. Dawakin Lifiza na makarantar hawa ta birnin Biyana, waɗanda ba su fi dokin kiwo tsayi ba, suna yin motsi mafi wuya a fannin. Ashe ƙira ce ke hukunci, ba tsayi ba.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne a rarrabe horo da gasa. Ƙaramin dokin kiwo mai lafiyayyun gaɓoɓi ya dace da horon diresaj, zai kuma amfana da shi, domin horon na rage wa ƙafafun gaba nauyi. Cin babbar gasa kuwa sai wanda doronsa ya kai ƙugunsa tsayi. Mai horon da ya tilasta wa doki tattara jiki kafin tsokarsa ta ƙosa, gurgunta shi zai yi.