DARASI NA TARA: ƘERA SAMFURIN JIRAGEN RUWAN YAƘI A ƘUNGIYANCE

9.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya duba wata al'ada ta nishaɗi da ta yi ƙarfi a ƙasashen Ingila da Japan da Amurka da Ostireliya, wato haɗuwar mutane a ƙungiya domin ƙera ƙananan samfuran jiragen ruwan yaƙi. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana ma'anar ma'aunin ƙanƙantawa, ya kuma nuna hanyoyin da Hausa ke bi wajen samar da kalmomin wani fanni da yake baƙo gare ta.

9.1 Taƙaitaccen Tarihi

A ƙarni na 17 magina jiragen rundunar sojan ruwan Ingila sukan ƙera ƙananan samfuran jirage da katako. Da yawa daga cikinsu an yi su ne bisa ma'aunin 1:48, wato rubu'in inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, kuma akwai irinsu a gidan tarihin harkokin teku na Greenwich da ke Landan. Haka nan, a yaƙe-yaƙen da aka gwabza tsakanin Ingila da Faransa daga 1793 zuwa 1815, fursunonin yaƙi Faransawa sun riƙa sassaƙa jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kamfanoni irin su Airfix da Tamiya suka yawaita fitar da sassan jirage na roba a cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da gam ya shafa fenti. Wannan ya sa abin ya zo hannun talaka. A 1963 aka kafa ƙungiyar IPMS a Ingila domin masu wannan sha'awa.

9.2 Ma'auni: Ginshiƙin Aikin Ƙungiya

Ma'aunin ƙanƙantawa shi ne dangantakar girman samfuri da girman jirgi na ainihi. Misali, jirgin yaƙin Japan mai suna Yamato tsawonsa mita 263 ne. A ma'aunin 1:350 samfurinsa zai kai kimanin santimita 75, a ma'aunin 1:700 kuwa kimanin santimita 38. Wanda ke gidan tarihin birnin Kure, da aka buɗe a 2005, an yi shi a ma'aunin 1:10, don haka tsawonsa mita 26.3 ne.

Mutum shi kaɗai yana iya zaɓar duk ma'aunin da ya ga dama. Amma 'yan ƙungiya da ke son jera jiragensu su zama runduna guda dole su yi ittifaƙi a kan ma'auni ɗaya, in ba haka ba sai a ga jirgin rakiya ya fi wanda yake yi wa rakiya girma. Dalili ke nan da ya sa ƙungiyar Task Force 72 ta Ostireliya ta tsaya a kan 1:72, inda 'ya'yanta ke sakin jiragensu a tafki suna sarrafa su da rediyo. Su ma kamfanonin Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi sun amince da 1:700 a 1971, suka raba jiragen da kowa zai fitar. A cikin ƙungiya, wani ya fi ƙwarewa a karanta zanen jirgi, wani a haɗa injin da batir, wani a fenti. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

9.3 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kamar yadda 'yan ƙungiya ke buƙatar ma'auni ɗaya, haka suke buƙatar kalmomin da kowa ya yarda da ma'anarsu. Malamin da zai yi bayanin wannan fanni da Hausa yana da hanyoyi uku:

(a) Aro: injin, batir, farfela, fenti, gam.
(b) Faɗaɗa ma'ana: goshin jirgi, cikin jirgi, gangar jirgi. Ita kanta kalmar jirgi ta faro ne daga na ruwa, sannan ta haifar da jirgin ƙasa da jirgin sama.
(c) Ƙirƙira ta hanyar bayani: jirgi mai nitso, jirgin dakon jiragen sama, ma'aunin ƙanƙantawa.

Malamin da bai tanadi irin waɗannan kalmomi kafin shiga aji ba yakan tsere zuwa Ingilishi a tsakiyar darasi, ɗalibai kuma su ɗauka cewa Hausa ba ta iya ɗaukar ilmin fasaha. Ya kamata ya faro daga abin da yara suka sani, kamar motar kara da motar langalanga, domin a nan ma yaro yakan lura kada taya ta fi jikin mota girma.

9.4 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa yarjejeniya a kan ma'auni da kalmomi ita ce ke mayar da sha'awar mutum ɗaya ta zama aikin jama'a.

9.5 Auna Fahimta

1. Jirgi mai tsawon mita 140, santimita nawa samfurinsa zai kai a ma'aunin 1:700?
2. Kawo kalmomi biyar na sassan kwalekwale, ka bayyana hanyar da aka bi wajen samar da kowace.
3. Tsara darasin minti 35 a kan ma'auni ga 'yan aji shida na firamare.