Wa ke sa ido kan masu tallafa wa marayu?

Wata mai sauraronmu daga Yakasai, cikin birnin Kano, ta tambaya: ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan marayu, wa ke bin diddigin aikinsu?

To Hajiya, a hukumance wannan nauyi yana kan Ma'aikatar Harkokin Mata ta Jihar Kano, wadda ke riƙe da Gidan Marayu na Nasarawa. Akwai kuma Dokar Kare Yara da jihar ta samu a 2023. Ƙungiya kan yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, amma takardar rajista ba ta nuna ko yaro ya ci abinci jiya da daddare.

Yawancin marayun birni suna hannun kakanni, gwaggwanni da kawunnai, inda jami'i ba ya cika leƙawa. A nan mai unguwa, limami da malamin makaranta sun fi kowa sani. Idan ƙungiya ta ce tana biya wa yaro kuɗin makaranta, a je a duba rajistar aji, a ga ko yana zuwa. Idan ya yi zazzaɓi, wa ya kai shi Asibitin Murtala? Hoton rabon shinkafa da kayan sallah a Facebook kuwa, kowa ya iya ɗauka. Ki nemi ganin lissafin ƙungiyar a rubuce kafin ki ba da kuɗinki.