Wasiyyar da Ba Ta da Shaidu

A cikin rabon gadon da ya biyo ta hannuna bana, babu wanda ya ƙona mini rai kamar na wani dattijo, manomin masara da auduga daga wajen Daudawa a ƙasar Faskari, wanda ya ƙudura cewa bayan ransa gonarsa ta fadama ta zama wakafi ga makarantar allon unguwa, jikansa maraya kuma, wanda ubansa ya riga kakan rasuwa, a ba shi shanu biyu. Saboda gudun riya da tsoron ɓacin ran 'ya'ya, bai sanar da kowa ba face aminansa biyu. Da aka zo gaban alƙali aka nemi adalan da za su tabbatar, sai aka tarar ɗaya ya rasu, ɗayan kuwa rashin tsaro ya tashe shi daga ƙauyensa, ba wanda ya san inda ya nufa.

Nan uwargidan dattijon ta kwance wata takarda daga bakin zanenta, ta sha ninki har ta fara yagewa, wadda wani mai rubutun haya ya tsara masa, mutumin da ko babin fara'ili na littafin Risala bai buɗa ba. Babu kwanan wata, babu shaida ko ɗaya, sannan ya rubuta rabin dukiya ga makaranta, gida kuma ga babban ɗa, alhali wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji, sai in sauran magada sun yarda. Ba su yarda ba. Irin waɗannan marubuta su karɓi ladan rubutu, su bar wa marayu kuka!

Uwar jikan nan maraya ta dube ni ta ce, "Malam, ashe ko taki ɗaya ba shi da shi a gonar kakansa?" Na ce, "Baiwar Allah, baffanninsa sun katange shi, wasiyya ce kaɗai ƙofarsa." Misira ta wajabta wa irin wannan jika wasiyya a dokarta ta 1946, amma a kotunanmu, inda ake hukunci da littattafan Muhtasar da Tuhfa bisa mazhabar Malikiyya, in kakan bai yi ba, shi ke nan. Fadamar kuwa an sayar da ita kafin damina ta faɗi.

To, jama'a, ku ji. Sulusi ne iyaka, kamar yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi, kuma ba a fitar da shi sai bayan likkafani da bashi. Rubutu ba shaidu takarda ce kawai. Wakafin da aka yi da lafiya amma ba a yi hauzinsa ba, wato ba a miƙa shi ba, har ajali ya zo, ya koma gado. In ka sayar da gonar da ka ambata, ko mai shaidarka ya rasu ko ya yi ƙaura, sabunta wasiyyar. Ina maimaitawa: shaidu, shaidu, kuma fiye da biyu a wannan zamani na gudun hijira.

Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Wanda ke da abin da zai bar wa masallaci, ko rijiya, ko maraya, ya tafi wurin malamin da ya san fara'ili ko kotun Shari'a mafi kusa, tun yana da lafiya da hankalinsa.