Darasin Wannan Wata: Yadda Za A Rage Kuɗin Wutar Lantarki A Gida

Wutar lantarki ta shiga ƙauyuka da yawa. Da ita ake haska gida, ake cajin waya, ake niƙa, ake sanyaya ruwan sayarwa. Amma kuɗinta ya zama abin kuka ga magidanta. Wani ya sayi katin mita ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo ya ƙare. Wani kuma a kawo masa takardar bil, ya rasa ta inda zai fara. A gidajen haya har faɗa ake yi a kan rabon kuɗin wuta.

Wannan darasi zai nuna abu ɗaya muhimmi. Ana auna wuta kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Wanda ya iya wannan awo zai gane abin da ke cinye masa kuɗi, ya kuma san inda zai rage.

Daga ina wuta take zuwa?

Ana samar da wutar Nijeriya ta hanya biyu manya. Mafi yawanta daga tashoshi masu aiki da iskar gas take fitowa. Sauran kuma daga madatsun ruwa, irin su Kainji da aka gama a 1968, da Jebba, da Shiroro.

A da hukumar NEPA ce ke kula da wuta, shi ya sa har yau ake cewa "an kawo nefa". A 2005 aka sauya ta da PHCN. A 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu. KEDCO ke kula da Kano da Katsina da Jigawa. Kaduna Electric ke kula da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Kamfanin Jos ke kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Kamfanin Yola kuma Adamawa da Borno da Yobe da Taraba.

An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, gwargwadon awoyin da ya kamata a ba su a rana. Rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Kowane rukuni da farashinsa. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta ƙara farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane awo ɗaya. Bayan wata guda aka ɗan rage shi. A lokacin ba a taɓa sauran rukunan ba. Ya kamata kowane maigida ya san rukuninsa da farashinsa. Ana ganin su a jikin takardar bil, ko a tambaya a ofishin kamfanin wuta.

Mudun awon wuta

Kowane kayan lantarki yana da ƙarfin cin wutarsa. Sunan wannan ƙarfi "wat". Ana rubuta shi a jikin kayan ko a kwalinsa, da lamba da harafin W. In an ga 60W a jikin ƙwan lantarki, ma'anarsa wat 60 ke nan.

Mudun da kamfani ke sayar da wuta da shi kuwa sunansa "yunit". Kayan da ke cin wat 1,000, in ya yi awa ɗaya yana aiki, ya ci yunit ɗaya. Kayan da ke cin wat 100 sai ya yi awa 10 kafin ya ci yunit ɗaya.

Ga hanyar lissafi:

1. A duba wat ɗin da ke jikin kayan.
2. A ninka shi da awoyin da yake aiki a rana.
3. A ninka amsar da kwana 30.
4. A raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne yunit na wata ɗaya.

Wane kaya ya fi ci?

Ga kimanin abin da kayan gida suke ci. Akan samu bambanci tsakanin wani kamfani da wani, don haka a riƙa duba jikin kayan.

Cajin waya: wat 5 zuwa 20
Rediyo: wat 5 zuwa 15
Ƙwan zamani mai suna LED: wat 5 zuwa 12
Tsohon ƙwai mai jan haske: wat 60 ko 100
Fankar sama: wat 70 zuwa 80
Talabijin: wat 40 zuwa 100
Firji: wat 100 zuwa 200
Dutsen guga: wat 1,000 ko fiye
Hitar dafa ruwa: wat 1,000 zuwa 2,000
Rishon lantarki: wat 1,000 zuwa 1,500

Mai karatu zai lura da wani abu a nan. Duk kayan da aikinsa kawo zafi ne, shi ne babban maciyin wuta. Guga ta awa ɗaya tana cin yunit guda. Wannan yunit ɗin zai kunna ƙwan LED mai wat 9 fiye da awa 100, ko ya cika batirin waya sau 40. Saboda haka maigidan da ke yi wa yara faɗa a kan cajin waya, alhali hita na ta tafasa ruwa a kicin, ya bar jaki yana dukan taiki.

Misali na farko: ƙwan lantarki

A ce wani gida yana da ƙwai 5, kowanne wat 60, ana kunna su awa 6 a rana.

5 sau 60 ya zama wat 300.
300 sau 6 ya zama 1,800 a rana.
1,800 sau 30 ya zama 54,000.
A raba da 1,000, an samu yunit 54 a wata.

Yanzu a cire su, a sa ƙwan LED mai wat 9. Haskensa daidai yake da na tsohon mai wat 60.

5 sau 9 ya zama wat 45.
45 sau 6 ya zama 270 a rana.
270 sau 30 ya zama 8,100.
A raba da 1,000, an samu kimanin yunit 8 a wata.

Bambanci yunit 46 ke nan. In a misali ana sayen yunit ɗaya naira 50, gidan ya tsira da naira 2,300 kowane wata, kuma hasken bai ragu ba.

Dalili shi ne, tsohon ƙwai yana ɓatar da mafi yawan wutarsa wajen yin zafi. Shi ya sa ba ya taɓuwa in ya jima a kunne. Ƙwan LED ya fi tsada wajen saye, amma mai kyau yana daɗewa. A guji na jabu mai saurin mutuwa, domin araha ba ta ado.

Misali na biyu: hita

A ce ana jona hita mai wat 1,500 na awa ɗaya kowace safiya a lokacin sanyi. 1,500 sau 30 ya zama 45,000, wato yunit 45 a wata. Hita ɗaya ta ci abin da ƙwan LED 5 za su ci a wata biyar.

Dabarun rage cin wuta

Haske. A kashe ƙwai in an fita daga ɗaki. Ƙwan ƙofar gida da na tsakar gida a kashe su da gari ya waye. A buɗe taga da rana. Bangon da aka shafe da farar ƙasa ko farin fenti yana ƙara wa ɗaki haske. Ƙurar hunturu tana dushe ƙwai, sai a kashe shi, a bari ya huce, a goge da busasshen tsumma.

Guga. A tara kayan mako a goge su a zama ɗaya. Kunna dutse saboda hula ɗaya ko ɗankwali ɗaya asara ce, domin kowane lokaci sai ya ci wuta kafin ya yi zafi. In an kusa gamawa a cire shi daga soket, sauran zafinsa zai goge ƙananan kaya.

Ruwan zafi. A dafa daidai wanda ake bukata. Mai son shayi kofi biyu kada ya cika buta. Ragowar ruwan zafi a zuba a filas. Da rana kuma, ruwan da aka ajiye a baƙin bokiti mai murfi a tsakar gida yakan yi ɗumin da za a yi wa yara wanka.

Girki. A rufe tukunya, domin rufaffiyar tukunya ta fi saurin tafasa. A jiƙa wake tun da dare. A haɗa kayan miya gaba ɗaya kafin a kunna risho. Waɗannan dabaru suna rage cin itace da gawayi da gas ma.

Fanka. Fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take fifitawa. Barinta tana juyawa babu kowa ɓarna ce. Fanka mai wat 75, in ta yi awa 8 kullum, tana cin yunit 18 a wata.

Firji. Kada a sa abinci da zafinsa, a bari ya huce. A rage yawan buɗe ƙofa. A bar tazara tsakanin firji da bango don iska ta ratsa, kuma a nisanta shi daga rana da murhu. In ƙanƙara ta yi kauri a ciki a narkar da ita. Ana gwada robar ƙofa da takarda: a rufe ƙofar a kanta, a ja. In ta zare ba wuya, sanyi na fita, sai a gyara robar.

Randa kuma ba ta cin ko yunit ɗaya. Akwai ma dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Tumatir da tattasai da alayyafo sukan ƙara kwanaki a ciki. Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Gidan da ba shi da mita

Gidaje da yawa a karkara ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu. Mai irin wannan gida zai iya cewa tsimi ba shi da amfani, tunda ko ya rage bil ba zai ragu ba. Amma akwai abin dubawa. In kowa ya jona hita da risho a lokaci ɗaya, nauyi yakan yi wa taransifoma yawa har ta ƙone. Daga nan gari ya shiga duhu na watanni, masu niƙa da masu walda su rasa sana'a.

Tun 2020 hukumar NERC ta sa iyaka ga yawan yunit da kamfani zai ƙiyasta wa marar mita. Duk da haka mita ita ce mafita, don mutum ya biya abin da ya sha kaɗai. A je ofishin kamfani a nemi bayanin yadda ake samunta. A biya kuɗi ta hanyar da kamfani ya amince da ita, a karɓi rasit, a adana. Wanda yake ganin an cuce shi ya rubuta koke ga kamfanin, ya riƙe kwafi. In ba a share masa hawaye ba, ya kai ƙara ga hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin wuta. Nan ma amfanin iya karatu da rubutu ya fito.

Gidan haya mai mita ɗaya

Raba kuɗi daidai wa daida tsakanin ɗakuna shi ke kawo rigima, domin mai ƙwai ɗaya ba daidai yake da mai firji da dutsen guga ba. Masu haya su zauna, kowa ya faɗi kayansa, a yi lissafin da aka koya a sama, a rubuta a littafi. Kowa ya biya gwargwadon cinsa.

Gargaɗi

In an ɗauke wuta a bi a kashe komai, musamman hita da dutsen guga da risho. Gobara da yawa daga nan take tashi, in an dawo da wuta mutane na barci ko sun fita. A bar ƙwai ɗaya kawai a kunne don a san an kawo.

Kada a yarda wani ya zagaye mita ko ya jona waya ta ɓarauniyar hanya. Laifi ne a doka, ana cin tara, kuma yana jawo gobara da asarar rai.

Janareta ya fi wutar kamfani tsada, balle tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Hayaƙinsa kuma yana ɗauke da guba marar wari mai kashe mutane cikin barci. Kada a kunna shi a ɗaki ko zaure ko kusa da taga. Fitila mai cajin hasken rana ta wadatar wajen karatun yara da dare.

Tsimin wuta aikin kowa ne a gida, maigida da uwargida da yara. Ƙwai ɗaya da aka kashe ba ya nuna komai a rana guda, amma da yayyafi kogi kan cika.

Sababbin kalmomi

Wat: ƙarfin cin wuta na kayan lantarki.
Yunit: mudun da ake sayar da wuta da shi.
Ƙiyasi: kintace ba tare da awo ba.

Tambayoyi

1. Wat nawa ne ke cin yunit ɗaya a cikin awa ɗaya?
2. Waɗanne kaya uku ne suka fi cin wuta a gida?
3. Talabijin mai wat 50 tana aiki awa 4 kullum. Yunit nawa za ta ci a kwana 30?
4. Me ya sa ake kashe hita in an ɗauke wuta?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya duba kayan lantarki uku a gidansu ko na maƙwabta, bayan an cire su daga soket. Ya rubuta sunansu da wat ɗinsu, ya yi lissafin wata ɗaya, ya kawo wa malamin aji.