Darasin Lafiya: Tiyatar Rage Ƙiba, Kafin Ki Miƙa Cikinki Ga Wuƙa

  

Darasinmu na yau wata tambaya ce ta haife shi. Bayan an tashi daga ta'alimin mata a Rawayau, cikin ƙaramar hukumar Kurfi, wata baiwar Allah ta ja ni gefe. Haihuwarta shida, tana fama da ciwon suga da hawan jini, gwiwoyi sun ƙi, har sallah a zaune take yi. Sai ta nuna mini wayarta. Wani dillali ne a WhatsApp yake tallar tafiya Masar: kuɗin jirgi, masauki da aikin “yanke tumbi” duk a dunƙule, wai cikin mako guda ta dawo gida sabuwa fil. Har ta fara shawarar sayar da gonar da ta gada. Ta ce, “Malama, ya halatta? Kuma wanne ya fi kyau a cikinsu?” Na ce mata akwai tambaya ta uku da ba ta yi ba, wadda ta fi biyun nan nauyi: wa zai yi aikin, kuma wa zai duba ki bayan kin dawo Rawayau?

Abin mamaki, a garuruwanmu an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da jin daɗin gidan miji. Amarya ta rame, sai a ce ba a riƙe ta da kyau. Shi ya sa 'yan mata suke ɗirkar ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai deksametason a ciki, maganin da ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini. Yau kuma an juya, waɗanda suka nemi ƙibar da kuɗinsu su ne ke neman inda za a rage musu ita.

Wace ce ake yi wa wannan aiki?

Ba duk mai jiki ba ce. Likitoci suna da ma'auni da suke kira BMI, kuma ke ma za ki iya lissafa shi. Ki auna tsawonki da mita, ki ninka shi da kansa, sannan ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Misali, mai tsawon mita 1.6, idan ta ninka sai ya ba ta 2.56. In nauyinta kilo 80 ne, ma'auninta 31 ke nan. In kilo 105 ne, ya kai 41. Daga 30 ake cewa ƙiba ta zama cuta. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce a yi tiyata ga wadda ta kai 40, ko 35 in akwai wata cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: 35 ya wadatar, kuma ana iya dubawa daga 30 ga mai ciwon suga da ya gagari magani. Amma kafin a kai nan, likitan kirki zai fara binciken sanadin ƙibar, ya tambaye ki magungunan da kike sha, ya ga ƙoƙarin da kika yi na gyara ci da motsa jiki.

A nan sai mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Zuƙe kitse daga teɓa ko cinya aikin gyaran siffa ne, ba ya maganin suga, ba ya maganin hawan jini, kuma shi ma yana da nasa haɗarin. Manya a cikinmu ba su manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, wadda ta rasu a Sifen cikin Oktoban 2005 bayan irin wannan aiki, har a 2009 kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Matar shugaban ƙasa fa ke nan, a Turai. Tiyatar da muke magana a kai daban ce, a cikin tumbi da hanji ake yin ta.

Ire-iren aikin

Wanda aka fi yi a duniya yanzu shi ne na rage tumbi, likitoci suna ce masa silib. Ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar siriri mai kamar ayaba. Abinci kaɗan sai ya cika shi, kuma yunwa tana raguwa, domin ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa. Ba a taɓa hanji, saboda haka ya fi sauƙin yi. Sai dai abin da aka yanke ya tafi ke nan har abada. Kuma in dama kina da ƙwannafi, wannan aiki yana iya ƙara miki shi sosai.

Na biyu shi ne baifas. Kin san yadda ake yi wa babban gari hanya ta bayan gari don manyan motoci su wuce ba tare da sun shiga kasuwa ba? To haka yake. Ana ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbi, a jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, sai abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ne ya fara shi a shekarun 1960, don haka an daɗe ana ganin sakamakonsa. Ya fi ƙarfi wajen kwantar da ciwon suga, kuma shi ake zaɓa wa mai ƙwannafi. Amma farashinsa a jiki ya fi yawa. Wurin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, ga bitamin B12 shi ma yana ƙaranci. Mu kuwa mata dama ƙarancin jini abokin zamanmu ne, ga al'ada, ga haihuwa, ga zazzaɓin cizon sauro. Sannan in kika sha abu mai zaƙi da yawa, sai zuciya ta hau bugawa, ga jiri, ga gumi, ga gudawa. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda muke saya a kemis kamar gyaɗa, an hana ki su, domin suna jawo gyambo a wurin jonin.

Akwai na zobe, wanda ake ɗaura wa wuyan tumbi wani zoben roba da ake iya tsukewa ko sassautawa. Ya yi tashe a shekarun 2000, yanzu an ja baya da shi, saboda da yawa sai an koma an cire, kuma yana buƙatar zuwa wurin likita a kai a kai. Ga mai zama nesa da likitan, ni ban ga dacewarsa ba. Balan-balan kuwa ba tiyata ba ce: ana sa shi a tumbi ta baki, a cika shi da ruwa, yawanci a cire bayan wata 6, kuma ƙibar takan dawo.

A silib da baifas, mace takan zubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinta a shekara ɗaya zuwa biyu. Mai kilo 120 za ta iya komawa 85 ko 90. Ba za ta koma jikinta na budurci ba, kuma fata takan saki. Akwai kuma allurai na zamani irin su Wegovy da Ozempic, suna aiki, amma suna da tsada, in aka daina nauyin yakan dawo, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu. Kada ki saya a hannun 'yan talla.

Hukuncin shari'a

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Malesiya a 2007 kan tiyatar gyaran jiki. Matsayarta ita ce, rage nauyi ta hanyar tiyata ya halatta idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai ita, kuma an amintu daga cutarwa. Ki lura da sharaɗin ƙarshe. Amintuwa daga cutarwa ba ta samuwa sai da ƙwararren likita, ashe binciken likitan ma yana cikin abin da ke halatta aikin. Ita 'yar uwar tamu da sujada ta gagare ta, neman magani take yi. Amma wadda za ta kwanta a yanka ta don maigida ya yi mata gori, ko don ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata kishiya, wallahi ina ji mata tsoro. Wuƙar likita ba ta gyara zaman aure.

Yadda za ki gane likitan

Kada ki fara da dillali, shi la'adarsa yake nema. Ki fara da asibitin da ke kusa da ke, kamar Babban Asibitin Dutsin-Ma, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. A can za ki ga likitan suga da likitan fiɗa waɗanda ba su da riba a yanka ki. Su za su gaya miki ko kina cikin masu buƙatar aikin, su kuma nuna miki inda ake yin sa. Akwai asibitocin kuɗi a Abuja da Legas da ke yi.

Duk likitan da zai yi aiki a Najeriya dole sunansa ya kasance a rajistar hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma yana sabunta lasisinsa duk shekara. Shi ma wannan bai isa ba, domin kowane likita yana da shi. Likitan fiɗa na gaskiya sai ya ƙara shekaru yana samun horo, ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa, shi ne za ki ga an rubuta FWACS ko FMCS bayan sunansa. Bayan wannan ma sai ya sami horo na musamman kan tiyatar ƙiba. Ki tambaye shi, ko maigida ya tambaya a gabanki: aiki nawa irin wannan yake yi a shekara? Nawa ne suka sami matsala, kuma me ya yi musu? Asibitin yana da ɗakin kulawa ta musamman da wurin ajiyar jini? Akwai masanin abinci da zai bi ki? In ya ɓata rai don an tambaye shi, ko ya ce aikin ba shi da haɗari ko kaɗan, ko ya sa miki rana ba tare da gwajin jini da na zuciya ba, ki ɗauki mayafinki ki fita. In an sami mace ƙwararriya, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, ƙwararren namiji tare da muharraminki ya fi mace marar ƙwarewa.

A hannun gwanaye, da ƙananan huji da kyamara ake yin aikin, kuma waɗanda ke rasa rai ba su wuce ɗaya zuwa uku cikin dubu. Babban abin tsoro shi ne ɗinkin ya yi yoyo, ko jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. Yoyon nan sau da yawa ba a ranar aikin yake bayyana ba, sai bayan kwanaki, wani lokaci makonni. Alamarsa bugun zuciya da sauri, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu, da sarƙewar numfashi. To ki ƙaddara wannan ya same ki ƙarfe biyun dare a Rawayau, likitanki yana Alƙahira ko Istanbul, dillali ya kashe waya, ga halin da tafiyar dare take ciki a hanyoyinmu. Ba ina cewa babu gwanaye a Masar da Indiya da Turkiyya ba ne, akwai su sosai. Amma ko gwamnatin Birtaniya ta sha gargaɗin 'yan ƙasarta kan zuwa Turkiyya irin wannan aiki, saboda waɗanda suka rasu. In tafiyar ta zama dole, ki yi magana da likitan da kansa kafin ki biya, ki zauna can har ya yarda ki hau jirgi, ki karɓo cikakken rahoton aikin da Turanci, kuma tun kafin ki tafi ki sami likitan fiɗa a Katsina ko Kano da ya amince zai riƙa duba ki.

Bayan an dawo gida

Makonni biyun farko ruwa-ruwa ne kawai, sannan abu mai laushi, sai wajen wata biyu ki koma abinci sosai, shi ma loma kaɗan, a tauna da kyau, ba a haɗa ci da sha. Malmalar tuwo kin yi sallama da ita. Wake, ƙwai, kifi, awara da nono su za ki fara sa wa a ciki. Ga kuma tarkon da ya fi kama matanmu: fura da suga, kunun gyaɗa mai zaƙi, zoɓo da lemon kwalba. Su ba sa tsayawa a ƙaramin tumbin, sulalewa suke yi, sai ki wayi gari nauyin ya dawo, gona kuma ta tafi. Bitamin kullum ne har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ki sa kuɗinsu cikin lissafi tun yanzu. Gashi yakan zuba a watannin farko, ya dawo. Amai da ya ƙi tsayawa kuwa ba na zama a gida ba ne, yana iya taɓa jijiyoyi.

Sai batun ciki. Da nauyi ya sauka haihuwa takan buɗe, har ga wadda ta daɗe ba ta samu ba, alhali likitoci suna so a jira wata 12 zuwa 18 kafin a ɗauka, don kada jariri ya rasa abinci a lokacin da uwar ke zubewa. Bayan baifas ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba lallai ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai likita ya zaɓa miki wata hanyar. Wannan magana ce da za ku gama ke da maigida kafin a sa rana. Azumi ma haka: yawancin likitoci ba sa son a ɗauki Ramadan na farko bayan aikin, domin ƙaramin tumbi ba zai ɗauki ruwan da zai riƙe ki a zafin Katsina ba tsakanin buɗa-baki da sahur. Ki ji ta bakin likitanki, ki kai wa malami bayanin, ya gaya miki yadda ramuwa za ta kasance.

Ita 'yar uwar tamu ta dakatar da maganar gonar. Ta karɓi takardar turawa, kuma an ba ta ranar ganin likitan suga a Katsina.