Ruwan da ke shigo maka tafkin kifi ta ƙarƙashin ƙasa: yadda za ka kama shi

Darasin yau na masu tafkin ƙasa ne, musamman mu da ke Television, Unguwar Romi, Sabon Tasha da gefen Kakuri. Masu tankin siminti da tampol ma su tsaya, don rijiyar da kuke jan ruwa daga ƙasar nan take sha.

A daminar bara wani abokina ya zuba 'ya'yan tarwada a tafkinsa da ke gangare. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, bayan kwana biyu sai kifi su taso sama suna haki, wasu su mutu. Ya zargi mai ƙyanƙyasa, ya canza abinci, ya ɗebi ruwa a gora ya kai gwaji, aka ce lafiya lau. Ashe masai biyu da tulin kashin kajinsa suna sama da tafkin, ruwan ƙasa na wanko su yana shigowa ta gindi.

Me ya sa gwajin bai nuna ba? Gora ɗaya da ka cika da rana tsaka, halin ruwan na wannan lokacin kawai za ta gaya maka, kuma na sama ne wanda ya riga ya gauraya. Ita ƙazantar ƙasa ba kullum take zuwa ba. A watan Agusta, da ruwan ƙasa ya taso, sai ta tsattsafo ta wani lungu guda. Shi ya sa masana suke dasa abin gwaji a cikin laka su bar shi kwana da kwanaki yana tsotsa da kansa, ba famfo ba lantarki, kamar mai gadin da ya kwana a bakin ƙofa.

Suna da iri-iri. Akwai DGT da aka ƙirƙiro a jami'ar Lancaster ta Ingila a 1994, mai kama ƙarafa masu guba irin su dalma. Akwai POCIS daga Amurka, mai kama maganin ƙwari da na ciyawa. Akwai kuma 'yar jakar leda da ake cika wa tataccen ruwa a binne ta kamar sati biyu, sinadaran fetur su ratsa ledar su shiga. Waɗannan sai da ɗakin gwaji, kuma gaskiya sun fi ƙarfin aljihun mai kifi dubu ɗaya.

Wanda za ka iya haɗawa da kanka shi ne na rabin duro, dabarar da wani masani David Lee ya wallafa tun 1977. Ka yanke duro, ka wanke shi tas (kada ka ɗauko wanda aka zuba mai ko sinadari). Ka huda rufaffen gefen ka sa guntun tiyo. Sai ka kifa buɗaɗɗen bakin cikin lakar gindin tafki, ka danna a hankali har ya zauna, ruwa ya rufe shi, iska ta fice ta tiyon. Ka bar shi kwana biyu zuwa uku. Daga nan ka zuba ruwa lita ɗaya cif a leda mai kauri, ka matse iskar, ka ɗaure ta a bakin tiyon a cikin ruwa.

Bayan awa 24 ka kwance ka auna. In ya ragu, tafkinka yoyo yake. In ya ƙaru, ruwan ƙasa na shigowa ta nan. Bakin babban duro kusan kwata ɗaya ne na murabba'in mita, don haka ƙarin rabin lita na nufin lita 2 a kowane murabba'in mita. In haka gindin yake ko'ina, tafki mai mita 10 sau 10 yana shan lita 200 kullum ba da saninka ba.

Kada ka dasa ɗaya tak. Ka sa ɗaya ta ɓangaren masai ko kejin kaji ko garejin makanikai, ɗaya a can ɗaya gefen, domin lakar tafki ita kanta tana fitar da amoniya. Bambancin da ke tsakaninsu ne zai ba ka amsa. Wajen zaɓen wuri, lokacin hunturu ya fi sauƙi: ka shiga da asuba ba takalmi, inda ka ji laka da ɗumi, ta nan ruwan ƙasa ke fitowa.

Don gwaji, ka ɗaura busasshiyar leda ba ruwa a ciki, abin da ya taru ka gwada amoniya da nitirait da pH da kayan gwajin da masu sayar da abincin kifi kan ajiye. In nitirait ya hau, gishiri yana rage wa kifi illarsa, amma ba ya toshe hanyar. Sai ka kwashe kashin kaji daga saman gangare, ko ka shimfiɗa leda a gindin tafki.

In kuwa ka ji warin fetur, ko kana kusa da magudanan Kakuri da Makera masu zuba a kogin Kaduna, kayan gwajin kanti ba sa ganin ƙarfe. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, ku tuntuɓi Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando ko hukumar KEPA, kafin ku zuba kifi, ba bayan sun kai girman sayarwa ba.